Ɗan Gwajin Maigida Rintoul

Mu mutanen Layin Rami a Kilbrae ba a tambayarmu sana'ar da muke so. Ranar da aka kai jariri coci za a raɗa masa suna, wakilin mai ramin haƙar kwal yana tsaye a bakin ƙofa da ɗan abin hasafi a hannu. Da uban ya karɓa, shi ke nan, yaro ya zama na rami har ya mutu. In an sayar da ramin, da shi ake sayarwa, kamar igiya da tsani. Haka aka yi wa mahaifina Dod Penman, haka aka yi wa ƙanensa Ninian, wanda labarinsa zan bayar. Ni Elspet, tun ina 'yar shekara bakwai nake goya kwandon kwal, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi. Abin da ya faru kafin a haife ni, daga bakin kakata Girzel na ji, sauran kuma daga bakinsa.

Mai ramin a wancan zamani Maigida Rintoul ne. Ya yi karatu a birnin Glasgow, a gaban malaman da ke bin diddigin yadda ƙasa ke arziki, ya dawo da wata magana da ta hana shi sakat: wai shehin malami da ɗan dako yumɓu ɗaya ne, ba haihuwa ta raba su ba, aiki ne da reno da abin da kowa ya saba. Duk wanda ya ci abinci a teburinsa sai ya sha wannan karatu. Wata rana limamin cocinmu, Fasto Dalgleish, ya gaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, a Glasgow wannan magana tana da daɗin ji. Amma sauka Layin Rami ka dubi mutanenka. Ɗan kura ko a ɗaki aka rene shi, kura ne."

Rintoul ya ajiye cokali ya ce, "To, za mu gani."

Ran Lahadi ya sauko, don ita ce ranar da ake samun mutane a sarari. Kaka Girzel a lokacin ba ta daɗe da rasa mijinta ba, rufin rami ya danne shi, ya bar ta da yara biyu: Dod mai shekara takwas, Ninian mai bakwai. Maigida ya sunkuyo ya shigo ɗakin, hularsa a hannu, abin da ba a taɓa gani ba a layin.

"Ki ba ni ɗaya cikin yaran nan," in ji shi. "Zan sa shi karatu tare da ɗana Hew. Ci da sha da sutura duk a wuyana."

"Wanne, ranka ya daɗe?"

"Kowanne. Ai duk ɗaya ne. Abin da nake son nunawa ke nan."

Kaka ta ɗora hannu a bayan Ninian ta tura shi gaba. Shi kuwa bai yi kuka ba sai da suka hau tudu.

A babban gida aka wanke shi da ruwan zafi har fatarsa ta saɓule, aka aske masa kai, aka ƙone tsummokaransa. Da safe yana sama tare da Hew a gaban malami, da rana yana ƙasa a kicin, inda kuku ta ware masa akushi da cokalinsa, don barori sun ce ba za su haɗa hannu da ɗan rami ba. An hana shi sauka layi, wai kada gwajin ya gurɓace. Amma akwai wata taga a kan matakala da ake hango bakin rami daga cikinta. Ya ce mini nan yakan tsaya yana kallon mata suna fitowa da kwanduna, a sunkuye, baƙi ƙirin, yana ƙoƙarin gane wacce ce uwarsa. Wani lokaci ya zaɓi ɗaya ya bi ta da ido har ta ɓace, ko da bai tabbata ita ce ba.

Wajen karatu shi ba haziƙi ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. Hew ma haka. In wannan ya ci lissafi yau, gobe wancan ya ci harshen Latin. In an yi baƙi, bayan an kwashe kwanuka sai a kira shi ya tsaya kusa da murhu ya yi karatu. Wata mata ta taɓa cewa ya miƙo hannuwansa ta gani ko baƙin ya fita. Fasto kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Aku ma ai yana magana." Wannan ya riƙa cin ran Rintoul, don shi so yake yaron ya zama abin mamaki, ya rufe bakin kowa. Da ya tsufa Baffa Ninian yakan yi murmushi ya ce mini, "Abin da ya nema ya samu, bai gane ba. Ni da Hew kunnen doki muka yi. Ba ita ce maganar ba tun farko?"

Da suka tasa aka tura su Glasgow tare, Hew a gaba, shi a bencin baya yana riƙe musu littattafai. A can ya ji maganar da kunnensa, ba ta bakin Maigida ba, kuma ya ji har da abin da Maigida ba ya maimaitawa a tebur. Ya ji ana cewa arzikin ƙasa ba a akwatin sarki ake duba shi ba, a tukunyar lebura ne. Ya ji ana cewa in masu gida sun haɗa kai don su danne lada ba mai jin labari, amma in ma'aikata suka haɗa kai sai a kira soja. Sauran ɗalibai suna rubutawa don jarrabawa. Shi kuwa kowace kalma tana da fuska a wurinsa.

Da ya dawo, yana ɗan shekara ashirin, ya sami Rintoul a ɗakin littattafai.

"Ranka ya daɗe, in gaskiya ne ni da Hew ɗaya muke, to Dod fa?"

"Wane Dod?"

"Yayana."

Kunnuwan Maigida suka yi ja. Can ya ce, "Ninian, in na kwance mutanena ni kaɗai, gobe maƙwabta masu rami su kwashe su, ramin ya cika da ruwa, kowa ya rasa. Doka ce za ta gyara wannan, kuma tana tafe. Ka yi haƙuri."

"Shi ma haƙurin zan kai masa?"

Maigida bai yi masa faɗa ba. Mutumin ba mugu ba ne, Baffa bai taɓa yarda a zage shi a gabansa ba. Amma daga ranar ba a ƙara kiransa gaban baƙi ba. Shekara na zagayowa zazzaɓi ya ɗauke Rintoul. Hew ya sayar da ƙasar da ramin da mutanen ciki ga wasu 'yan kasuwa, ya ba Ninian takardar 'yanci, ya ce ya biyo shi Edinburgh zai samo masa aikin akawu. Ninian ya yi godiya, ya saɓa akwatinsa, ya gangaro Layin Rami.

Yana shiga ɗaki Kaka ta miƙe tsaye, ta share kujera da bakin zanenta, ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

"Inna, ni ne fa."

"Na sani," in ji ta, amma ba ta zauna ba sai da ya zauna.

Baba, wato Dod, ya shigo daga rami, ido kawai ke fari a fuskarsa. Ya dube shi sama da ƙasa. "A'a! Malam Farin-Hannu! Yau da mu za a kwana? Inna, shimfiɗa masa wani abu, kada rigar ta ɓaci, ba mu da abin biya."

Sunan ya bi shi har kabari. Harshensa ma ya riga ya canza, in ya yi magana yara su bi shi a baya suna kwaikwayo. A cikin gari kuwa, masu shaguna da masunta, ɗan rami suke kiransa, in ya shiga coci su matsa.

Ya ce shi ma zai sauka rami. Kowa ya ɗauka wasa ne, sai ga shi da asuba a bakin tsani da aron diga. Ya yi kwanaki yana kwance a gefensa cikin ruwa yana sara kusa da Baba, tafin hannunsa ya fashe, abin da yake sarawa bai kai rabin na yaro ba. Rannan Baba ya fizge digar, ya ja shi ta wuyan riga har sama, ya tsayar da shi a gaban mutane.

"Ka ga nan? Nan ba wurin wasa ba ne. Mu dole ta sa mu. Kai kana da takarda a aljihu, ran da ka gaji ka haye. Kada ka ƙara yi mana ba'a da wahalarmu."

"Yaya, so nake in zama ɗaya da ku."

"An riga an raba. Ba kai ka raba ba, ban ce laifinka ne ba. Amma an raba. Je ka wanke hannu."

Daga nan ya kama wata tsohuwar rumfar dafa gishiri a bakin teku, wadda aka daina aiki da ita, ya toshe ramukan rufin, ya mai da rabi ɗakin kwana rabi makaranta. Makarantar gari ba ta karɓar 'ya'yan rami. Yana samun abincinsa ne daga rubuta wa matuƙan jirgin ruwa saƙo zuwa gida, da koya wa 'ya'yan wani mai shago lissafi ta ƙofar baya. Namu karatun kyauta ne, ran Lahadi bayan coci. Da na isa zuwa, mukan kai goma. Sai dai yaron da ya kwana shida yana hawa tsani da kaya, da ya ji ɗumin wuta ya sami benci, barci ne. Baffa yana tsakiyar nuna mana baƙi sai ya juyo ya tarar rabinmu sun kife. Ba ya tashin kowa. Yakan rage murya ya ci gaba da wanda ya rage.

Iyaye kuma su tare shi a hanya. "Malam, karatun nan zai rage nauyin kwando?"

"Ba zai rage ba. Amma yarinyar za ta san ba don kwando aka halicce ta ba."

"To in ta sani, wa zai ɗauko mini kwal ɗin?"

Sai ya yi musu sallama ya wuce rumfarsa. Ni dai na iya karatu a hannunsa. Baba bai hana ni zuwa ba, bai kuma taɓa tambayata me aka koya ba.

Sau ɗaya na san Baffa ya nemi aure. Akwai wata bazawara a layinmu, Mysie, mai faɗin kafaɗa da kaifin baki, wadda in tana dariya har a bakin teku ana ji. Ya daɗe yana kai mata kifi da ɗan shayi kafin ya iya buɗe baki. Ta saurare shi har ya gama, ta goge hannu a zane.

"Malam, ni matar mai sara ce. Miji ya sara, mata ta ɗauka, haka ake cin abinci a layin nan. Kai me za ka sara in ɗauka? Latin?"

Ta faɗa da wasa, har ta dafa kafaɗarsa, amma amsar ke nan. Kafin lokacin girbi ta auri wani mai sara. Baffa ya zo bikin, ya tsaya a bakin ƙofa da kofinsa, ana kiɗa ana rawa, da aka ɗan jima na duba ban gan shi ba.

Lokacin da Kaka Girzel ta kwanta ciwon ajali, ni ke jinyarta, don bayanta ya riga ya lanƙwashe ba ta iya juyawa. Wata rana da hantsi, kowa yana rami, Baffa ya zo ya zauna a gefen gadon. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, akwai abin da nake son tambaya tun ina yaro. Ran da Maigida ya zo, me ya sa ni?"

Na san abin da yake son ji. Ko ta ce don ta fi sonsa ta cece shi, ko ta ce don Dod ya fi ƙarfi ta riƙe shi. Kowanne ta faɗa, da ya sami abin riƙewa.

Ta buɗe ido ta dube shi. "Kai ne kusa da ƙofa."

"Shi ke nan?"

"Mutumin yana tsaye, hularsa a hannu, ni kuma kunya ta kama ni, ɗakin ba shara. Na miƙa hannu, kai na taɓa."

Ya yi 'yar dariya, ya gyara mata bargo, ya ce, "Maigida da ya ji wannan da ya ji daɗi." Sannan ya fita. Ta taga na gan shi ya bi bakin ruwa, ya yi nisa har ya zama ɗan ɗigo.

Ina budurwa dokar da aka daɗe ana jira ta iso, wadda ta kwance masu haƙar kwal gaba ɗaya. Shi ya fara ji a wurin masu jirgi. Ya rugo bakin rami ba hula, mutum mai furfura yana gudu kamar yaro, ya tarar muna fitowa.

"An kwance ku! Yaya, an kwance ku! Daga yau ba mai sayar da kowa!"

Baba ya tofar da baƙin yawu. "Madalla. To gobe ba sauka?"

"Da sauka, amma in ka so..."

"In na so in je ina? In ci me? Matsa wa yarinyar nan, kwandon da nauyi."

Na wuce shi da kayana, ban iya ko ɗaga kai ba, don igiyar tana goshina. Amma gaskiyarsa ta fito a hankali. Cikin 'yan shekaru samari suka fara bin jirage, wasu suka tafi masaƙu, mai rami ya ga dole ya ƙara lada don ya riƙe na riƙewa. Waɗanda suka fara tafiya kuwa su ne waɗanda suka iya karatu a rumfarsa. Kowanne ya zo ya yi masa sallama, ya raka shi har mararraba, ya dawo shi kaɗai. Benci ya yi ta raguwa.

Baba bai je ko'ina ba. Ƙurar rami ta cinye masa huhu, ya koma zaune a bakin murhu yana tari. A wannan lokacin ne Baffa ya riƙa zuwa kullum, yana karanta masa labarin ƙasashe, Baba yana cewa, "Rage murya, Farin-Hannu, ba coci muke ba." Wata rana Baba ya katse shi a tsakiyar shafi.

"Tsakaninka da Allah. Da ni aka ɗauka, da na iya?"

"Da ka fi ni."

"Ƙarya kake."

"To da ka yi daidai da ni. Wannan ba ƙarya ba ce, a kanta na ƙare rayuwata."

Baba ya yi tari mai tsawo, ya share baki. Ya kalli wuta. "Sake faɗa," in ji shi.

Bai kai bazara ba. Bayan rasuwarsa ni kaɗai ke leƙa rumfar, in kai masa romon kabeji ko wainar hatsi, ga ni da miji da yara da rami. Nakan tarar da shi yana magana shi kaɗai, yana kawo hujja yana rushewa, kamar akwai wani a ɗaya kujerar.

Ana nan sai wani tsoho ya sauka a garin, da tsohon kwat mai kyau wanda gwiwar hannunsa ta sha faci, ya kama ɗaki a saman shagon mai burodi. Hew Rintoul ne. Dukiyar ta narke a wani cinikin jirage, matarsa ta rasu, ya ce so yake ya ga teku inda ya tashi. Ba wanda ya kula shi. Ya tambayi hanya har rumfar gishiri, ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Ninian, har yanzu ba ka iya raba dogon lissafi ba?"

Baffa ya ɗaga kai, ya ƙura masa ido. "Kai kuma har yanzu kana satar amsa?"

Ban taɓa ganin Baffa yadda na gan shi a wannan bazarar ba. Kullum suna kan katangar tashar jirage, tsofaffi biyu da sanduna, suna musu kamar za su doki juna. Hew ya ce injuna za su 'yantar da talaka, Baffa ya ce sai in talakan yana da hannu a injin. Hew ya ce mutane sun yi yawa, abinci ba zai isa ba, Baffa ya ce bai taɓa jin an faɗi haka a kan 'ya'yan masu ƙasa ba.

"Kai dai ɗan rami ne mai taurin kai!"

"Kai kuma ɗan mai ƙasa ne marar ƙasa. Miƙo tabar."

Masunta suna wucewa suna girgiza kai, ba mai gane abin da suke faɗa. Baffa har ƙiba ya ɗan yi. Ya sa na ɗinke masa rigarsa ta coci.

Da sanyi ya kama, 'yar Hew ta zo da keken doki daga Edinburgh, ta ce ba za ta bar ubanta ya mutu a saman shagon burodi ba. Hew ya yi gardama, amma ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Suka yi musafaha a bakin hanya. Hew ya ce zai dawo da bazara su ƙarasa maganar injuna, don bai yarda an kayar da shi ba. Baffa ya ce yana jira. Kafin bazara labarin rasuwarsa ya zo.

Baffa ya ƙara 'yan shekaru. Idonsa ya dushe, ya daina rubuta wa matuƙa saƙo, yara kuma sun koma wata sabuwar makaranta da aka buɗe a gari, wadda ta yarda ta karɓi namu a benci na baya. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya sa na kai jikokin yayansa da hannuna. In rana ta fito yakan lallaba zuwa katangar ya zauna, fuskarsa wajen ruwa.

Ya rasu a makon da kifi ya shigo gaɓa, lokacin da duk mai ƙafa yana bakin teku da kwando, na rami kuma suna ƙasa. Da ƙyar mijina ya haɗa mutum huɗu na ɗaukar akwatin gawa, ɗaya ma baƙon matuƙi ne da muka roƙa a hanya. Littattafansa na kwaso su a kwandon kwal, danshi ya riga ya manne yawancinsu. Rumfar kuwa wani mai gyaran komar kamun kifi ya karɓa, ya fasa bencin ya yi wuta da su a sanyin shekarar.